Kira na Uku a Kan Kundin Tungar Na'ibi

Shinkafi,
Asabar, 11 ga Satumba.

Zuwa ga ɗiyata Mardiyya, mai karatun kwamfuta a Kaura Namoda.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga ɗiya, ina tambayar lafiyarki da ta mahaifinki da ta sauran mutanen gida. Mu nan lafiya muke gwargwadon hali, ban da ƙafar gwaggonki Rahina da ta sake kumbura, da sauro da ya yi yawa bana.

Kafin komai ina son ki san cewa wannan takarda da hannuna na rubuta ta, ba wanda ya riƙe mini alƙalami. Wata goma sha huɗu na yi a ajin manya, na zo na biyu cikin mutum ashirin da uku. Ban faɗi haka don alfahari ba, sai don ki san cewa wanda kike aiko wa umarni yanzu ya wuce dangwala yatsa. Da aka rufe layukan waya a ƙasar nan, mutane da yawa sun rasa bakin magana da danginsu. Ni kuwa na ga ashe shirya ni Allah ya yi tun da wuri.

Muhtari direba ya kawo mini filash ɗin da kika aiko da takardar bayani. Ko da yake zumuncinmu ya yi nisa, kakarki da mahaifiyata ne suka haɗa kaka, kin yi mini abin da ɗiyar ciki take yi. Allah ya yi miki albarka.

Kin san abin da ke cikin kwamfutar nan, amma zan rubuta shi domin takarda ta zama shaida. Hotuna ne ɗari huɗu da goma sha biyu na kundin kakanmu Malam Na'ibi, wanda a cikinsa aka rubuta iyakar kowace gona ta Tungar Na'ibi, da sunan mai ita, da shaidun rabon gado tun zamanin da aka sari garin. Ke kika ɗauke su shekara uku da suka wuce. Bayan wata biyar 'yan bindiga suka ƙone Tunga, kundin ya zama toka, mu muka gudo Shinkafi. Wayar da kika ɗauki hotunan da ita kuma an karɓe ta a hannunki a kan hanya. Saboda haka babu wannan kundi a ko'ina a doron ƙasa sai cikin kwamfutar da ke akwatina na ƙarfe. Jama'a ni suka zaɓa na riƙe ta, kuma ba su zaɓa da kuskure ba.

Damuwarmu ita ce manhajar buɗe hotunan tana tsayawa cik duk sa'ad da Liman ya ce a ƙara girman shafi, shi kuwa idonsa ya yi rauni, kuma shi kaɗai ya rage mai iya karanta hannun Malam. Kika ce sabunta ta zai gyara.

Jiya bayan sallar Juma'a na yi alwala, na buɗe baƙin allon nan da kika nuna mini, na soka filash, na rubuta kalmar da kika gajarta mini, wato sabunta, na danna babban maɓalli. Rubutu ya riƙa gudu daga ƙasa zuwa sama kamar tururuwa ta sami gero. Ya daɗe ƙwarai. Ina zaune a gabansa ban motsa ba har aka kira la'asar. Daga nan ya fito da layi uku na jan rubutu da Turanci, ya tsaya.

Da na buɗe wurin da hotunan suke zama, ban tarar da ko ɗaya ba. Fari fat.

Ban gaya wa kowa ba. Na kwafe jan rubutun harafi bayan harafi a wata takarda, na duba sau biyu, ga ta nan a ninke cikin wannan. Ki duba, ki sanar da ni inda hotunan suka shiga. Ba tsoro nake ji ba, amma abinci bai yi mini daɗi ba jiya.

Kawunki,
Nasidi, Ma'ajin Kundi.

*

Kaura Namoda,
Laraba, 15 ga Satumba.

Zuwa ga Kawu Nasidi.

Wa alaikumus salam. Kawu, na ga rubutunka na yi murna har na kai wa Baba ya gani. Ya ce a gaya maka hannunka ya fi nasa kyau. Muna lafiya. A gaida Gwaggo Rahina, a riƙa ɗaga mata ƙafar bisa matashi.

Na karanta jan rubutun, kuma ka kwafe shi daidai. Ga abin da yake cewa. Bayan umarnin sabunta ya gama ɗaukar sabuwar manhajar daga filash, ya nemi ya leƙa intanet don ya tabbatar da ita. Bai sami layi ba, sai ya tsaya a tsakiyar aiki. Waɗanda suka rubuta wannan kayan aikin mutanen wata ƙasa ne, ina jin ba su taɓa zaton akwai garin da za a wayi gari babu layi gaba ɗaya ba.

Ka kwantar da hankalinka. Hotunan ba su ɓace ba. Ɗabi'arsa ce duk lokacin da aka kira shi sai ya kwashe abin da ke wurin ya yi ajiya tukuna, kafin ya taɓa komai. Daɗewar da ka ga ya yi, ajiyar yake yi. Ya kamata da ya kasa ya mayar da su inda ya ɗebo, to bai mayar ba, wannan ita ce matsalar. Suna nan a ɓoye.

Ka ba ni mako guda. Zan gwada a wata kwamfuta a nan, in tabbatar da umarnin da zai dawo da su, in aiko maka. Kafin nan ka rubuta kalmar duba a baƙin allon. Ita ba ta canza komai, nuna maka ajiyar kawai za ta yi. Ka kwafo mini duk layin da ya fito da lambar da ke gefensa.

Hanya ta ƙara lalacewa. Baba ya hana ni fita ko bakin gari, da da kaina zan zo.

Ɗiyarka,
Mardiyya.

*

Shinkafi,
Asabar, 25 ga Satumba.

Zuwa ga ɗiyata Mardiyya.

Aminci ya tabbata a gare ki da mahaifinki, wanda na gode wa shaidar da ya yi wa hannuna, kuma gaskiya ya faɗa. Gwaggonki ta fara taka ƙafar. An fara yankan gero a gonakin da ke kusa da gari, na nesa kuwa ba mai zuwa, tsuntsu ne ke ci.

Takardarki ta iso, ta kuma sanyaya mini zuciya. Na karanta ta sau da yawa, musamman inda kika ce duk lokacin da aka kira shi sai ya yi ajiya tukuna. Na ja layi a ƙarƙashin wannan magana.

Yanzu ga abin da ya taso. Mai gari ya tara mu ya ce hukuma ta ba da alamar cewa bayan kaka za a iya raka masu son komawa Tunga su share gonaki. To amma waɗanda suka leƙa sun ce daji ya cinye komai, itatuwan da muke gane iyaka da su an sare wasu, wuta ta ci wasu. Saboda haka ya sa ranar Litinin, 11 ga Oktoba, a zauna, Liman ya karanta kundi a gaban kowa, kowa ya ji iyakarsa tun kafin a taka can.

Kin san Sabo da Faruku, 'yan wa da ƙane, masu fadamar bakin gulbi. Tun iyayensu na da rai ake jan maganar fadamar nan, kundi ne kawai ya hana ta zama jini. Ranar Talata suka zo ƙofar gidana, ba tare suka zo ba amma tare suka iso.

Sabo ya ce, "Na-biyun aji, buɗe muna akwatin nan mu ga shafinmu."

Na ce ana gyara.

Faruku ya ce, "Gyaran mi? Wa yas sa ka gyara abin da kakanni suka rubuta?"

Sabo ya yi dariya ya ce, "Ka ji tsoro ya kama shi. Ya san Malam bai rubuta mai komi ba sai tudun ƙaya."

Faruku ya ce, "Kai dai riƙe bakinka har Litinin ɗin. Nasidi, in wani ya ba ka goro don ka goge layi, ka faɗa muna tun yanzu."

Na miƙe tsaye na gaya musu cewa amanar da ke hannuna ba ta goro ba ce, kuma a ranar da aka sa za su ga shafinsu da girman da ko makaho zai shaida. Suka tafi, kowa da hanyarsa. Amma maganar Faruku ta tsaya mini a rai.

Kin nemi mako guda, mako ya cika ban ga Muhtari ba. Sai na zauna na yi tunani irin na mai hankali. Na ce, tunda duk kira ajiya yake yi, to sake kira ba zai rage komai ba, ƙari zai yi. Manomin da ke da rumbu biyu ya fi mai ɗaya kwanciyar rai. Kuma wataƙila karon farko baƙunta ce ta hana shi. Jiya bayan Juma'a na sake rubuta sabunta.

Ki ji abin mamaki. Wancan karon daga Juma'a har la'asar yana aiki. Wannan karon kafin in ɗauke yatsana daga maɓalli ya gama. Na gane ya saba da aikin ne, kamar yadda ni ma da farko sunana kaɗai yake ɗaukar mini rabin sa'a. Jan rubutun dai ya sake fitowa, iri ɗaya da na farko, hotunan kuma ba su dawo ba tukuna.

Sannan na rubuta duba kamar yadda kika ce. Layi biyu suka fito. Na sama yana da kwanan watan jiya, lambar gefensa 4 ce kawai. Na ƙasa yana da kwanan watan goma ga wata, lambarsa doguwa ce, 2863104. Ga su nan na kwafe. Kin ga yanzu rumbunmu biyu.

Na kuma yanke shawara. Liman ya koya mana tun muna yara cewa mai neman izinin shiga gida sau uku yake sallama, da ɗan jinkiri a tsakani, in ba a amsa ba sai ya juya. Na yi biyu, tsakaninsu mako biyu. Ranar Juma'a 8 ga Oktoba zan yi ta uku, kuma a gaban Liman da dattawa zan yi ta, don kada wani ya ce a ɓoye nake taɓa kundi. Ina kyautata zaton a ta ukun za a amsa. In umarninki ya riga ta isowa, to madalla.

Kawunki,
Nasidi, Ma'ajin Kundi.

*

Kaura Namoda,
Alhamis, 30 ga Satumba.

Kawu,

Ka yafe mini gajarta gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya.

KADA KA SAKE RUBUTA SABUNTA. Ko sau ɗaya. Ko Liman ne ya ce, ko Mai gari.

Takardarka ta iso shekaranjiya. Da na kai inda ka ce ya gama kafin ka ɗauke yatsa, sai na gane abin da ya faru. Ba sabo ya yi ba, Kawu. Ya yi sauri ne don babu abin da zai kwasa. Wurin hotunan fanko ne tun karon farko, shi kuma bai duba ba, ya kwashi fankon ya kira shi ajiya. Lamba 4 ɗin nan da ka gani buhu ne da babu ko ƙwaya a ciki. Doguwar lambar ita ce kundin gaba ɗaya.

Jiya na zuba hotunan banza a wata kwamfuta, na cire mata layi, na yi abin da ka yi don in gani. Ajiya biyu kawai yake riƙewa. In aka kira shi karo na uku, sai ya yi sabuwa, ya share wadda ta fi tsufa don ya sami wuri. Ba ya tambaya, ba ya gargaɗi. Na gwada sau huɗu, duk haka. Wadda ta fi tsufa a wurinka ita ce ta goma ga wata. Kira ɗaya ya rage tsakanin kundin da sharewa.

Laifin nan nawa ne kafin ya zama na kowa. Ya kamata in ce ka kwafe hotunan a filash tun kafin a fara. Na yarda da kayan aikin ban gwada shi babu layi ba. Kuma da na ce maka duk kira yana ajiya, ban san iyakar abin da yake riƙewa ba, ban kuma ce kada ka sake kira ba.

A bayan wannan takarda na rubuta umarnin da zai dawo da hotunan. Na gwada shi, yana yi. Layi biyu ne, ka bi su a hankali. In sun dawo, ka kwafe su a filash nan take.

In kuwa, Allah ya kiyaye, takardar nan ta iske ka ka riga ka yi na uku, to ka kashe kwamfutar a take. Kada ka buɗe komai, kada ka nemi komai a ciki. Abin da aka share yakan bar sawu na ɗan lokaci, amma duk minti ɗaya da ta yi a kunne tana iya taka sawun. Ka naɗe ta ka ba Muhtari.

Na nemi wani mai zuwa Shinkafi in ba shi kwafi na biyu, tasha ba kowa. Muhtari ya ce jibi zai tashi, amma ta Zurmi zai bi don yana da kayan da zai sauke.

Mardiyya.

*

Zurmi,
Talata, 5 ga Oktoba.

Mardiyya, ina gaisuwa. Muhtari ne. Na ba wani mai keke napep da zai shigo Kaura wannan.

Ina nan Zurmi tun Asabar. An tare hanya gaba da mu ranar Lahadi, an kwashi mutanen mota biyu, tun daga nan ba wanda ya wuce. Jami'ai sun ce a jira rakiya, ba su faɗi rana ba. Mai ma babu, galan ɗaya ya rage mini.

Takardarki tana aljihuna cikin leda, ban ba kowa ba. Na san kin ce kafin Juma'a. Na tambayi masu babur, ba mai yarda ya bi daji ko nawa za a ba shi, kuma ban ga laifinsu ba. In an buɗe ko da rabin yini ne zan wuce. Ki yi addu'a, ki gaida Baba.

*

Shinkafi,
Lahadi, 10 ga Oktoba.

Zuwa ga ɗiyata Mardiyya.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mahaifinki. Jikinmu lafiya. Muhtari ya iso jiya da hantsi a bayan motar rakiya, ya rame, amma ba abin da ya same shi. Ya miƙo mini takardarki tun bai sha ruwa ba.

Zan ba ki labari bi da bi yadda ya faru, ba zan rage abin da ya shafe ni ba.

Ranar Juma'a na jira har aka sauko daga masallaci, ina duban hanya ko zan ga ƙurar motar Muhtari. Ban gani ba. Na shimfiɗa tabarma biyu a zaure. Liman ya zo, Mai gari ya aiko wakili, Sabo da Faruku suka zo ba a gayyace su ba, kowa ya zauna a gefe guda. Na fito da kwamfutar na ɗora bisa akwati. Na yi musu bayani cewa kundi yana cikin ajiya biyu, yau za a yi ta uku. Na yi bayanin da kyau, har wakilin Mai gari ya ce lallai karatu bai faɗi ƙasa ba.

Liman ya ce, "Nasidi, ɗiyar nan ta ce a yi?"

Na ce, "Ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba."

Ya ce, "To da ka jira ta."

Sabo ya ce, "Allah gafarta Malam, Litinin fa gata ce. In mun jira yarinya sai damina."

Faruku ya ce, "Yau dai na yarda da Sabo. Danna mu gani."

Ban taɓa jin su biyun sun haɗu a kan magana ɗaya ba sai ranar. Amma ba zan jingina musu ba. Ko ba su ce komai ba da na danna, domin na riga na faɗa a gaban mutane cewa zan yi, kuma ina son su ga yatsuna suna rubutu. Na rubuta sabunta. Na danna.

Wannan karon bai gama nan take ba. Ya ɗan tsaya, kamar numfashi biyar, kwamfutar tana ƙara a hankali. Na ji daɗi, na ce musu kun ji, yana buɗe ƙofa. Yanzu na san abin da yake yi a cikin numfashi biyar ɗin nan.

Jan rubutu ya fito. Hotuna ba su dawo ba. Na ce musu an cika sallama uku, sauran sai umarninki ya iso. Suka watse, Faruku yana cewa Allah ya sa ba wasa ake yi da su ba.

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma dole ki sani don aikinki. Ban kashe ta ba. Na bar ta a kunne jikin sola har magariba, ina buɗe wurare ina nema ko sun faɗa wani lungu. Jiya da safe ma na kunna ta na kusan sa'a guda kafin Muhtari ya iso. Na lissafa, a ƙalla sa'a biyar ke nan. Ki sa wannan cikin abin da za ki duba.

Da na karanta takardarki na karya umarninki sau ɗaya, ina sane. Na kunna na rubuta duba, domin zuciyata ta ƙi yarda. Layi biyu suka fito. Na sama 4. Na ƙasa 4. Na kashe ta.

Kin ce laifin naki ne. Ban karɓa ba. Kin ce in ba ki mako guda, ni na mayar da jiran ya zama izini. Na karanta layi ɗaya na takardarki na gina rumbu a kansa, ban tambaye ki ba. Wannan ba rashin karatu ba ne, na karanta daidai. Ɗaukar kaina na yi na san abin da ban sani ba.

Gwaggonki ta ce in yi shiru har ki duba, in ce wa Mai gari kwamfuta ta lalace an kai gyara, wanda ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Na yi tunani a kan haka daga azahar zuwa la'asar. Na ga cewa amanar da aka ba ni a bainar jama'a ba zan ɓoye asararta a ɗaki ba. Bayan sallar la'asar na miƙe a masallaci na faɗi komai, da lambobin, da abin da kika ce game da sawu. Na ce akwai fata amma ba alkawari.

Ba wanda ya zage ni. Da sun zaga da ya fi mini sauƙi. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Mai gari ya ce an ɗage zaman Litinin sai abin da hali ya yi, ya kuma ce kada kowa ya taka Tunga sai an raka shi. Sabo ya ɗauki takalminsa ya fita tun ba a shafa addu'a ba. Faruku ya bi shi da ido har ya ɓace, sannan ya juyo ya tambaye ni a hankali, "Wato yanzu ba shafin kowa?" Na ce a yanzu babu. Ya ce, "To."

Na naɗe kwamfutar cikin bargo na sa a buhun gero don kada ta ja ido a hanya. Filash ɗin yana cikin aljihun jakarta. Motar rakiya za ta juya gobe da safe, Muhtari zai bi ta. In za a ceto wani abu, ki fara da shafukan fadamar bakin gulbi. Liman ya ce suna wajen tsakiyar kundi, akwai zanen gulbi da jan tawada a gefen ɗaya. Ko rabin shafi ne, ko layi uku, ki aiko kada ki jira sauran. In kuma babu, ki rubuto mini babu, kada ki tausaya mini da kalmomi.

Na riga na ninke takardar nan na sake buɗe ta. Yanzu maƙwabcina ya shigo ya ce da asuba an ga 'ya'yan Sabo uku sun fita ta hanyar Galadi mai zuwa Tunga a kan babura biyu, da gatari da damin turakun kafa iyaka. Ya ce kafin rana ta ɗaga na Faruku sun bi bayansu, su huɗu, kuma abin da suka rataya ba turaku ba ne. Mai gari ya aika a dawo da su, ɗan aiken ya kai bakin daji ya juyo.

Ki gaya mini kwana nawa aikin zai ɗauka.

Kawunki,
Nasidi.